Ɗan manomi ne, mun ji. Wace doka ya yi wa manomi?

Kwanakin baya na ci karo da wani bidiyo a Facebook. Wani mai neman komawa majalisar tarayya ne ya sauko daga mota a bakin wata gonar gero, shaddarsa sai ƙyalli take yi. Aka miƙa masa fartanya, ya duƙa ya ɗan karce ƙasa, ya miƙe yana haki, yana cewa shi ɗan manomi ne jikan manomi, don haka babu mai koya masa kukan talaka. Magoya baya suka ɗauki kirari. A ƙasan bidiyon kuwa addu'a ce ke zuba: namu ne, ya san zafin rana, Allah Ya maimaita mana.

Fartanyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin ya riga ya yi shekara 4 a majalisa, amma cikin masu tofa albarkacin bakinsu babu ko ɗaya da ya tambaye shi wane ƙuduri ya kai, ko wanne ya hana wucewa.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Haihuwa a gona ba shaida ba ce ta komai. Duk wanda ya ba hamsin baya a Arewa, in ka bi salsalarsa gona za ka tarar, da wanda ya kyauta mana da wanda ya cuce mu. Ɗan majalisa da doka ake auna shi: wadda ya rubuta, wadda ya mara wa baya, da wadda ya tsaya ya tare.

Zan kafa hujja da wani mutum na nesa, wanda ya rasu fiye da shekara 60 da suka wuce, don kada a ce ina yi wa wata jam'iyya aiki. Sunansa Sam Rayburn, Ba'amurke. Na zaɓe shi ne domin shi da gaske a gona ya tashi, kuma ayyukansa a rubuce suke, masu kyau da marasa kyau.

Yaron gonar auduga

An haife shi ranar 6 ga Janairun 1882 a jihar Tennessee, shi ne na takwas cikin 'ya'ya 11. Yana ɗan shekara 5 iyayensa suka yi ƙaura zuwa arewa maso gabashin Texas, suka zauna a wata gonar auduga mai eka 40 a gundumar Fannin. Eka 40, baki 13. Wanda ya taɓa tsintar auduga da rana tsaka ya san abin da wannan lissafin yake nufi.

Da zai tafi kwalejin horon malamai a garin Commerce, dala 25 mahaifinsa ya iya damƙa masa. Sauran kuɗin makaranta da shara da kaɗa ƙararrawa ya biya su. Ya ɗan koyar a makarantun ƙauye, ya ci zaɓen majalisar jiha a 1906, ya zama kakakinta a 1911 yana da shekara 29. A 1912 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai a Washington, kuma bai bar kujerar ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a Nuwamban 1961. Shekara 48 ke nan, 17 daga ciki yana kakakin majalisa. Har yau babu wanda ya kamo shi daɗewa a wannan muƙami. Lokacin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Amurka a Yulin 1961 ya yi jawabi ga 'yan majalisarsu, Rayburn ne kakakin Majalisar Wakilai, watanni kaɗan kafin rasuwarsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata muku lokaci ba. Ɗan talaka ya hau sama, wannan muna da irinsa da yawa.

Abin da ya yi da kujerar

A 1935, cikin gonaki 10 na Amurka kusan ɗaya ce kawai ke da wutar lantarki, alhali birane sun daɗe da samu. A Texas abin ya fi haka muni. Matar manomi da guga take jan ruwa a rijiya, da itace take girki, dutsen guga a kan murhu take ɗora shi ya yi zafi, yara kuma da fitilar kananzir suke karatu. Kamfanonin lantarki, waɗanda na 'yan kasuwa ne, sun ce jan waya zuwa karkara asara ce: gidaje a warwatse, manomi ba shi da kuɗin biya, mil ɗaya na waya da turaku zai iya cin dala 2,000.

A lokacin Rayburn ne shugaban kwamitin da ke kula da harkokin kasuwanci tsakanin jihohi. Shi da Sanata George Norris na Nebraska suka ɗauki nauyin dokar kai lantarki karkara ta 1936. Tsarin ba na kyauta ba ne. Manoman yanki za su haɗu su kafa ƙungiyar gama-kai, kowa ya ba da dala 5 ta shiga, gwamnati ta ba ƙungiyar rance mai sauƙin ruwa na dogon zango, su kafa turakunsu, su ja wayarsu, su riƙa biyan bashin daga kuɗin wuta. Injiniyoyin hukumar suka sauƙaƙa yadda ake jan layin har kuɗin mil ɗaya ya sauko ƙasa da dala 1,000. Zuwa farkon shekarun 1950, kusan gonaki 9 cikin 10 sun samu wuta. Ɗaruruwan waɗannan ƙungiyoyi har yanzu suna nan suna raba lantarki.

Kafin wannan ma ya yi wani faɗan da ya fi zafi. Kamfanonin lantarki na lokacin a jere suke, wani a kan wani: kamfani ya mallaki kamfani, shi ma wani ya mallake shi, har ya zama 'yan tsirarun attajirai a New York da Chicago ne ke juya wutar yawancin ƙasar, kowane hawa yana yankar rabonsa, mai biyan kuɗin wuta yana ɗaukar nauyin duka. Da daular Samuel Insull, ɗaya daga cikin waɗannan attajirai, ta rushe a 1932, dubban masu ƙaramin hannun jari suka wayi gari ba su da ko sisi. Rayburn da Sanata Burton Wheeler suka kawo dokar 1935 da ta wargaza irin wannan jeri. Kamfanonin suka zuba kuɗi, saƙonnin tangarahu suka yi ta kwarara majalisa wai daga jama'a masu adawa da ƙudurin. Da aka bincika sai aka gano an ɗebo sunayen wasu ne daga littafin lambobin tarho aka aika da sunansu, ba su ma sani ba. Duk da haka dokar ta wuce.

Hannunsa na cikin dokokin 1933 da 1934 da suka sa ido kan kasuwar hannun jari bayan faɗuwarta a 1929. Ya matsa a ware kuɗin tarayya don hanyoyin da ke kai amfanin gona kasuwa, domin ya san yadda laka ke rufe ƙauye da damina. Ya kawo madatsar ruwa ta Denison a kan kogin Red.

Yanzu a ajiye wannan a gefe, a dubi abin da muke kira aikin ɗan majalisa. Babura 50, keken ɗinki 100, injin markaɗe, buhunan taki da hotonsa a jiki, taransifoma guda da aka rubuta sunansa da jan fenti, wadda in ta ƙone sai an jira zaɓe mai zuwa. Manomin jihar Iowa ko Georgia da bai taɓa jin sunan Rayburn ba ya kunna ƙwan lantarki a ɗakinsa, ba tare da ya je gaisuwa gidan kowa ba, ba tare da an tambaye shi wa ya zaɓa ba. Babur kuwa sai wanda shugaban mazaɓa ya sa sunansa.

“Ai gonar ce ta sa ya yi”

Na san wani zai ce na kayar da kaina. Ga ɗan manomi ya yi wa manoma aiki, ashe mai fartanya yana da gaskiya.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rayburn da kansa ya sha faɗin kaɗaicin gona da wahalar da ya ga mahaifiyarsa ta sha, kuma jiki magayi. Norris ma a gona ya tashi. Amma majalisar wancan zamani cike take da 'ya'yan manoma, kuma da yawansu bayan kamfanoni suka bi. Shugaban da ya sa wa waɗannan dokoki hannu kuwa, Franklin Roosevelt, ɗan masu hannu da shuni ne, bai taɓa kwana da yunwa ba.

Akwai kuma abin da masu yabon Rayburn ba su cika son a taɓo ba, ni kuwa a wurina shi ne ya fi komai nuna iyakar wannan magana ta “na san zafin talaka”.

A gonakin audugar Texas ba farar fata kaɗai ke duƙe ba. Akwai baƙaƙen fata, jikokin bayi, da yawansu ma ba su da gonar kansu, noman raba-daidai suke yi a ƙasar wani. Rana ɗaya ke dukansu da Rayburn. Amma tun 1902 Texas ta sa harajin da sai ka biya kafin ka yi zaɓe, wanda ya kori mafi yawan baƙaƙe da talakawan farare daga rumfar zaɓe. Jam'iyyarsa ta Democrat kuma ta hana baƙar fata shiga zaɓen fid da gwani, a jihar da wanda ya ci fid da gwani ya riga ya ci zaɓe, har sai da Kotun Ƙoli ta soke wannan a 1944. Rayburn ya yi shekara 30 yana cin zaɓe a ƙarƙashin wannan tsari bai ɗaga murya ba. Mahaifinsa sojan Kudu ne a yaƙin basasa, ɓangaren da ya yi yaƙi don bauta ta ɗore, kuma hoton Janar Robert E. Lee, babban kwamandan sojojin Kudun, na rataye a ofishinsa. Da aka kawo ƙudurorin da za su ba gwamnatin tarayya ikon hukunta gungun da ke kama baƙar fata su rataye ba shari'a, yana cikin masu adawa.

Daga baya ya sassauto. Sunansa ba ya cikin 'yan majalisar Kudu kusan 100 da suka sa hannu a takardar 1956 ta ƙin haɗa yara farare da baƙaƙe a makaranta ɗaya, kuma yana kan kujerar kakaki dokokin 'yancin jama'a na 1957 da 1960 suka wuce. Na ba shi wannan. Amma ya zo a makare, kuma dokokin ba su da haƙora sosai.

Gona ta koya masa zafin talauci, ba ta koya masa cewa maƙwabcinsa baƙi mutum ne kamarsa ba. To haka nan namu ɗan manomin. Yana iya sanin kukan mai gero ya toshe kunne ga kukan makiyayi, ko na ƙabilar da ke hayin rafi, ko na matan da ke yin rabin aikin gonar ba su da ko taki ɗaya na ƙasa da sunansu.

“Talaka ba doka yake ci ba”

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Mutumin da matarsa ke naƙuda babu kuɗin asibiti, ba za ka ce masa ya jira karatu na biyu na wani ƙuduri ba. In ɗan majalisa ya ba shi dubu 20, ya yi masa rana. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba ya yi a hankali da wa'azi.

Rayburn ma bai yi watsi da mutanensa ba. An san shi da ba wasiƙun da manoma suka rubuto da fensir a takardar makaranta muhimmanci fiye da waɗanda aka buga da keken rubutu, domin ya ce wanda ya zauna ya yi irin wannan rubutu abin ya dame shi da gaske. In majalisa ta tashi, garinsu Bonham yake komawa, kowa ya zo ya same shi. Amma abin da yake yi musu shi ne buga wa ma'aikatar gwamnati waya ta yi aikinta. Ba ya raba kuɗi, domin ba shi da su.

A nan ne lissafin yake. Tun yana majalisar jiha, ofishin lauyoyin da yake ciki yana yi wa kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe aiki. Da aka kawo masa kasonsa na kuɗin kamfanin ya ƙi karɓa, ya ce yana zaune a majalisar da ke yi wa kamfanin doka. Tafiyar aiki da kuɗin aljihunsa yake yin ta. Da wata mujalla ta ba shi kyautar dala 10,000, ya zuba su a gina ɗakin karatu a Bonham. Ranar da ya rasu, bayan gida da gonarsa da shanunsa, kuɗin ajiyarsa ba su kai dala 30,000 ba. Mutumin da ya rubuta dokar kasuwar hannun jari ke nan.

Mu kuwa muna son ɗan majalisa ya biya kuɗin suna da na biki da na asibiti da na jarrabawa, ya raba shinkafa da azumi, ya raba raguna da layya, ga mazaɓa mai mutum dubu ɗari uku ko fiye. Albashi ba zai yi wannan ba, kowa ya sani. To daga ina? Daga kwangilar da aka cusa a kasafin kuɗi, daga hukumar da ya kamata ya bincika amma ya je ya karɓo kason ɗaukar aiki. Asibitin da babu magani, wanda ya sa ka je ƙofar gidansa tun farko, sau da yawa kuɗinsa ne ya dawo maka a ambulan, an rage. Ba na cewa mai buƙata ya ƙi karɓa. Cewa nake kada ya ɗauka an biya shi.

Kada kuma a ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Rayburn ɗan Texas ne, Texas kuwa ƙasar man fetur ce. Ya tsaya tsayin daka wajen kare rangwamen haraji na kashi 27.5 cikin 100 da masu haƙar mai ke mora, kuma kuɗin attajiran mai na jiharsa sun sha bi ta hannunsa zuwa yaƙin neman zaɓen 'yan jam'iyyarsa. Bai ci da bakinsa ba, amma ya san inda ake dafawa. Shawarar da ya fi ba sababbin 'yan majalisa ita ce in suna son tafiya ta yi daɗi su bi ayari, kuma wannan shawara ta rufe bakin masu gaskiya da dama.

“Shekara 48? Ai wannan tazarce ce”

Mu da muka sha fama da masu maƙalewa a mulki, dole wannan adadi ya tayar mana da hankali. Amma a duba wani abu. Rayburn ya shiga majalisa a 1913, bai zama shugaban kwamiti ba sai 1931. Shekara 18 yana zaune yana koyon yadda kamfanonin jirgin ƙasa da na lantarki ke ɓoye riba a cikin takardu. Da an yi masa irin tamu, an ce ƙaramar hukumarsu ta yi zango biyu yanzu lokacin maƙwabta ne, da ya koma gida tun kafin 1920, da lauyoyin kamfanoni sun samu baƙo sun yi wasa da shi a 1935.

Kowane zaɓe mukan zubar da kaso mai yawa na 'yan majalisarmu, galibi ba don sun gaza ba, sai don gwamna ya sauya ra'ayi ko karɓa-karɓa ta zagayo. Sabon ya shekara biyu yana neman hanyar ofishinsa, shekara ta uku ya fara neman tikiti. Shugaban ƙasa da gwamna suna riƙe da baitulmali da jami'an tsaro, dole a yi musu iyaka. Ɗan majalisa ƙuri'a ɗaya gare shi cikin 360.

Sai dai daɗewar Rayburn ita ma ba tsarkakakkiya ba ce. Sau 25 ya tsaya zaɓe, duk bayan shekara 2, kuma a 1944 ya sha da ƙyar a fid da gwani. Amma abokansa a majalisar jiha sun riƙa kare masa iyakar mazaɓarsa don kada birni ya shigo ciki. A ƙidayar 1960 mazaɓarsa mutum kusan 216,000 ce, ta Dallas da ke maƙwabtaka da ita kuwa ta haura 950,000, kuma kowace kujera ɗaya gare ta. Sai a 1964, bayan rasuwarsa, Kotun Ƙoli ta ce dole mazaɓu su yi kusan daidai. Don haka ba daɗewa nake karewa ba. Abin da nake so shi ne ya zama masu zaɓe ne ke riƙe mutum ko su sauke shi, ba gwamna ba, ba masu zana taswira ba.

A ƙirga su da suna

Duk abin da na faɗa a kan Rayburn, na yabo da na suka, na iya faɗa ne saboda majalisarsu tana rubuta wanda ya ce e da wanda ya ce a'a a manyan ƙudurori. A Agustan 1941 aka kawo ƙudurin tsawaita wa'adin sojojin da aka ɗauka aikin dole. Jama'a ba sa so, iyaye mata na ta rubuto wasiƙu. Rayburn ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, aka ƙirga, ƙudurin ya wuce da 203 da 202, ya buga guduma kafin wani ya sauya. Bayan wata 4 Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairun 1961, yana da shekara 79, ya kara da Howard Smith na Virginia, shugaban kwamitin da ke danne duk ƙudurin da bai yi masa ba, ya nemi a ƙara wa kwamitin kujeru daga 12 zuwa 15. Aka ƙirga, ya yi nasara da 217 da 212. Sunan kowa yana nan, jikokinsu na iya dubawa.

A Abuja kuwa yawancin abubuwa da murya ake yanke su. Masu goyon baya su yi ihu, masu adawa su yi ihu, mai guduma ya ce ga waɗanda suka fi, ko da kunnuwanmu a talabijin sun ji akasin haka. Bashin da za a ciwo, harajin da za a ƙara, dokar zaɓe, galibi haka suke wucewa. Wakilinka ya dawo gida ya rantse maka yana cikin masu cewa a'a, ba ka da takardar da za ka ƙaryata shi. Ga allunan ƙuri'a na lantarki a zauren, ga dokokin majalisar da suka ba ɗan majalisa damar neman a raba zaure a ƙirga. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'ata a wannan karo, tambayar da zan fara yi masa ita ce ko zai miƙe ya nemi a ƙirga da suna a kan kasafin kuɗi da ciwo bashi, kuma in ya taɓa zama a zauren, sau nawa ya yi hakan.